Sabulun Gishiri da Gwajin Kofi Goma: Nazarin Aikin Wata Mai Sabulu a Gwammaja

Sabulun gishiri sabulun wanka ne da ake zuba wa gishirin girki mai yawa a cikin kwaɓinsa, daga rabin nauyin man da aka haɗa shi da shi har zuwa kwatankwacin nauyin man gaba ɗaya. Idan ya yi kyau yakan fito da tauri da santsi, ba ya jagwaɓewa a kwandon wanka, kumfarsa ba mai tashi sama ba ce amma tana da kauri da laushi. Wannan nazari ya bi aikin mace ɗaya, gwaggona, mai sana'ar sabulu a gidanta a unguwar Gwammaja da ke Kano, tun daga ranar da ta karɓi aikin sabulun gishiri guda 200 a farkon damina har zuwa lokacin da ta miƙa shi cikin hunturu. Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. Abin da na kawo cikin aikin sikeli ne da littafin rubutu, hannu da ido kuwa nata ne.

Yadda aikin ya zo

Gwaggo ta daɗe tana yin sabulun wanki na sanda da na ruwa, da man shafawa. Koyarwar da ta samu ita ce wadda mata da yawa suka samu a wuraren koyon sana'a: a jiƙa soda ta kwana, a tsoma haidiromita, wato ma'aunin kaurin ruwa, a yi ta ƙara ruwa har ta tsaya a kan 1275, sannan a auna mai kofi biyu, ruwan soda kofi ɗaya, a bi da silikat da kala da turare. Da man alayyadi take yi, kuma sabulunta na fita. Kayan haɗi daga Kasuwar Sabon Gari take sayowa, man kaɗanya kuma wata mata ke kawo mata daga ƙauye.

Wata maƙwabciyarta ce za ta aurar da 'ya a hutun Disamba. An taɓa yi mata tsarabar sabulun gishiri daga tafiya, ta ji daɗinsa, sai ta so a yi irinsa a saka cikin kayan rabo. Sharaɗinta ɗaya ne, ya yi ƙamshin humrar da aka haɗa wa amarya. Ta ba da kafin alƙalami, ta aiko da kwalbar humrar.

Zubin farko

Gwaggo ta san gishiri yana kashe kumfa, an kuma gaya mata man kwakwa ne maganin wannan. Gaskiya aka gaya mata. Kusan rabin man kwakwa sinadarin lorik ne, sabulun da ya fito daga gare shi kuma yana narkewa ya yi kumfa ko a ruwan gishiri, shi ya sa tun da can masu aikin jirgin ruwa suke wanka da shi a teku. Sai ta haɗa man kwakwa kashi huɗu da man kaɗanya kashi ɗaya, ta yi awo yadda ta saba, ta zuba gishiri, ta tuttula humra. Ta ce ko juyi uku ba ta yi ba muciya ta tsaya cak a tsakiyar roba. Da hannu ta riƙa ɗebo kwaɓin tana dannawa cikin akwatin katako, ta rufe da tsohon bargo ta bar shi ya kwana kamar kullum.

Da safe wuƙa ta ƙi shiga. Inda ta shiga da ƙarfi sai gefen ya ɓantare ya zube gari. 'Yan guntayen da suka tsira, duk wanda ya wanke hannu da su sai fatarsa ta yi furu-furu tana ja. Da Agusta ta shigo kuma suka fara zufa, har kwalin da aka jera su ya jiƙe ya huje ta ƙasa. A nan ta kira ni. "'Yar nan, zo ki duba min, ina jin sodar nan ce ta lalace."

Sodar lafiyarta ƙalau. Matsaloli huɗu ne suka haɗu a zubi ɗaya, kowacce da dalilinta.

Ta farko awo. Ruwan sodar da ya tsaya a kan 1275, kusan kashi 25 cikin 100 na nauyinsa soda ce. Lita ɗaya ke nan tana ɗauke da soda wajen giram 320, lita biyu na mai kuma bai wuce giram 1,830 ba. Wannan lissafi an gina shi ne don soda ta cinye man kusan duka, kuma haka ake so ga sabulun wanki, domin babu mai son maiƙo a jikin riga. Fata kuwa ba riga ba ce. Sabulun man kwakwa yana da ƙarfin wanke maiƙo sosai, har da na jikin mutum, don haka masu sabulun gishiri ke rage soda da gangan, su bar kashi 15 zuwa 20 cikin 100 na man bai zama sabulu ba. Wannan rarar mai ita ke hana fata bushewa. A zubin Gwaggo babu rarar ko kaɗan, musamman da yake man kaɗanya bai kai man kwakwa cin soda ba.

Ta biyu lokacin yanka. Sabulun gishiri yana ƙanƙarewa cikin awa ɗaya zuwa uku, kuma tun yana da ɗumi ake yanka shi. Wanda ya kwana ya wuce yanka.

Ta uku gishirin. Na awo ta saya, mai manyan ƙwayoyi, launinsa da ɗan duhu, yana da laima tun a buhu, ta daka a turmi. Tataccen gishiri ba ya fara jan ruwa daga iska sai danshin iskar ya kai kusan kashi 75 cikin 100, abin da Kano takan kai a tsakiyar damina. Wanda ba a tace ba kuwa yana tafe da gishirin magniziyam, shi kuma tun iska ba ta kai rabin wannan danshi ba yake tsotsar ruwa. Ga kuma gilisarin da ke cikin kowane sabulun gida, shi ma mai jan ruwa ne. Zufar daga nan take. Uwar amarya ta kawo shawarar a nemo kantun Bilma, wai zai ƙara wa sabulun daraja a bakin mutane. Na fahimci sha'awarta, domin gishiri ne mai tarihi, ayarin raƙuman Buzaye sun shafe ɗaruruwan shekaru suna kawo shi ƙasar Hausa daga hamadar Nijar. Amma kantu a cakuɗe yake da ƙasa da wasu gishirai, galibi ma dabbobi ake ba. A jikin sabulu zai karce fata, ya kuma ƙara zufa. Muka tsaya a kan gishirin leda mai laushi, muka tankaɗe shi da rariya.

Ta huɗu humra, kuma ita ce ta ci mana mafi yawan lokaci.

Sabon lissafi

Kafin a taɓa turare sai da muka gyara tushe. Muka ajiye kofi da haidiromita, komai ya koma kan sikeli. A kowane giram 1,000 na mai: man kwakwa 800, man kaɗanya 200. Giram ɗaya na man kwakwa yana cin soda kusan giram 0.183, na kaɗanya 0.128, jimilla giram 172 ke nan idan ana so soda ta cinye man duka. Da aka rage kashi 20 cikin 100 sai ya dawo giram 138. Ruwa giram 280, gishiri giram 500, turare giram 30. Duk mai son bin wannan lissafi ya sani na waɗannan mayuka biyu ne kaɗai. An sauya mai, dole a sake lissafin soda.

Akwai abin da ba zan wuce ban faɗa ba. Soda ake zubawa cikin ruwa, ba a zuba ruwa a kan soda. Ba a haɗa ta a tukunyar dalma, domin tana cin alminiyam tana fitar da iskar haidirojin. Safar hannu da tabarau wajibi ne, idan kuma ta taɓa fata a yi ta kwarara ruwa. Mafi muni shi ne idan aka kalli ruwan soda, ba shi da maraba da ruwan sha. Likitocin ƙasar nan sun san yaran da suka kurɓe shi a gidajen masu sabulu, maƙogwaronsu ya ƙone ya tsuke, wasu har abinci ya daina wucewa. Gidan Gwaggo cike yake da jikoki. Al'adar jiƙa soda ta kwana a bokiti a tsakar gida muka fara kashewa: yanzu a take ake haɗawa, a ɗaki mai kuba da taga a buɗe, a jira ta huce.

Gwajin turare

Hancin mutum a shagon turare yana gaya masa abu ɗaya ne, yadda ƙamshin yake a kwalba ko a bayan hannu. Ɗanyen kwaɓin sabulu wata duniya ce daban: kaifinsa a ma'aunin pH ya haura 13, ga zafi yana tasowa daga ciki, sai bayan ya nuna yake sauka wajen 9 zuwa 10. Madarar turare kuma ba abu ɗaya ba ce, haɗin sinadarai ne masu yawa, kowanne da yadda yake yi idan ya gamu da soda. Wani ya hanzarta kwaɓi, wani ya sauya launi, wani ya gudu.

Mun zaga wurin 'yan turare a Kurmi da Sabon Gari, muka sayi ƙananan kwalabe. Gwaggo ta tambayi wani dattijo da ta daɗe tana ciniki da shi, "Alhaji, wannan madarar zalla ce ko an tsinka ta?" Bai ɓoye ba. Ya ce wasu zalla ne, wasu an sassauta su da DPG, wani ruwan tsinka turare, don shafawa a jiki da haɗa turaren wuta. "Amma Hajiya, ni na jiki na sani. Ban taɓa sa shi a soda ba, kada in ce miki ga yadda zai yi." Amsar nan ta fi mana amfani fiye da a ce ya yi ta yabon kayansa. DPG da sifirit duka suna da kyau a inda aka yi su dominsa, a cikin ɗanyen sabulu ne suke kawo rikici. Humra kuwa galibi da turarukan ruwa masu sifirit ake jiƙa ta. Dabarar da muka riƙa yi kafin gwaji ita ce a ɗiga turaren cikin cokalin narkakken man kwakwa a juya. Idan ya shige ya zama ɗaya da man, da sauƙi. Idan man ya yi hazo ko turaren ya ware ya kwanta, akwai abin dubawa. Alama ce kawai, hukuncin yana wurin soda.

Muka yi kwaɓi ɗaya na giram 1,000 na mai, muka raba shi kofi goma na roba mai kauri, kowanne giram 140 da ɗoriya. Kowane kofi ya samu turare giram 3 da gishiri giram 50, aka rubuta lamba a jikinsa. Kofi na ɗaya ne kaɗai ba a sa masa turare ba, shi ne shaida. In babu shi, duk abin da ya faru ba za a san na turare ne ko na sabulun kansa ba. Gwaggo na juyawa, ni ina duban agogo ina rubutu. Aka sake duba su washegari, da bayan mako ɗaya, da bayan mako shida.

Humra ta maimaita abin da ta yi, cokali ya tsaya a tsaye. Madarar wardi ba ta kai nan ba, amma kafin minti ɗaya kwaɓin ya wuce zubawa sai dai ɗiba. Turarukan fure an san su da wannan hali. Mai kanumfari da kirfa ya fi su ban tsoro: kofin ya yi zafin da ba a iya riƙe shi, samansa ya kumbura ya tsage gida biyu, wani mai ja-ja ya tsatso ta tsagar. Ko da bai yi haka ba da wuya mu ɗauke shi, saboda sinadaran kanumfari da kirfa suna cikin waɗanda aka fi sani da tayar da ƙaiƙayi da borin fata.

Biyu ne suka yaudari ido a ranar farko. Banila ta shige lafiya lau, kwaɓin ya yi fari sol, Gwaggo har ta ce ta samu nata. Bayan mako ɗaya ya koma ruwan madara da shayi, bayan mako shida ya zama ruwan ƙasa mai duhu, kumfarsa ma da launi. Da muka raba shi biyu sai ga cikin da sauran haske, duhun daga waje yake shiga. Sinadarin banilin ne ke yin haka idan ya haɗu da kaifin sabulu da iska. Sabulun bai lalace ba, ƙamshin ma yana nan daram, amma ba za a miƙa wa 'yan biki baƙin sabulu a ce na amarya ne ba. Lemon zaƙi kuwa shi ya cika ɗakin da ƙamshi ranar zubi. Mako shida bayan nan, idan aka rufe ido ba a bambance shi da kofin shaida.

Ud ya ba mu darasi na daban. Na shagon farko ya sa kwaɓin ya yi gudaji-gudaji, mai na yawo a tsakani, sai da aka burga da ƙarfi ya haɗe, daga baya kuma ƙamshin ya juya ya yi wani tsami. Da muka gwada na wani shagon, suna ɗaya, launi kusan ɗaya, sai ya zauna lafiya, launin sabulun kawai ya ɗan dushe. Sunan da ke jikin kwalba bai isa shaida ba. Tun daga nan littafin ya ƙara layi biyu: shagon da aka saya da ranar saye.

Na'a-na'a ba ta ba da matsala ba, sai dai ba ƙamshin biki ba ne. Waɗanda suka rage su ne sandal da farin miski, kuma a ranar farko babu wanda ya kula su. Miski bai taɓa launi ba, bai hanzarta komai ba. Sandal ya ɗan ja launin zuwa ruwan hauren giwa, a makon farko ma kamar ya ɓace, sai da sabulun ya sha iska ƙamshin ya dawo ya zauna. Gwaggo ta jera kofunan a kan tire tana shinshinawa ɗaya bayan ɗaya, ta ce, "Lallai sai an gwada akan san na ƙwarai."

Game da yawan turare, akwai ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, da aka kafa a 1973, mai mazauni a Janiba, wadda ke fitar da iyakar yawan sinadaran ƙamshi a kayan da ke taɓa fata. Manyan dillalai kan ba da takardar da ke nuna iyakar kowane turare a sabulun wanka. Kwalbar da aka ɗura maka daga babbar jarka ba ta zuwa da wannan takarda. Shi ya sa muka ƙi wuce kashi 3 cikin 100 na nauyin mai, duk da wasu kan kai 5 ko 6. Na fi son ƙamshi ya yi sanyi da a ce fatar wani ta tashi.

Shawo kan uwar amarya, da babban zubi

Da baki ba ta yarda ba. Gwaggo ta ɗauki tiren ta kai mata har gida. "Hajiya, ki taɓa da hannunki. Wannan mai ramukan shi ne humrarki." Ta juya shi, ta shinshina, ta ga ƙamshin ma ba na humrarta ba ne kuma. Aka daidaita a kan sandal giram 18, miski giram 9, wardi giram 3 a kowane giram 1,000 na mai, aka kuma gwada haɗin a kofi ɗaya tukuna, domin turaruka uku a haɗe ba lallai su yi halin da suka yi a rarrabe ba. Ƙamshin amarya da take nema kuwa ta wata hanya aka samo shi: takardun naɗe sabulun aka turara da turaren wutar bikin a kan kasko, aka rufe su a akwati.

An fara babban zubi a tsakiyar Oktoba, ruwa ya ɗauke. Bayan sallar asuba ake yi, kafin gari ya yi zafi. Turaren a cikin mai ake fara juya shi kafin ruwan soda ya shiga, hakan ya rage wa wardi gaggawa. Gishiri ba ya shiga sai kwaɓin ya yi kaurin kunun gyaɗa, in ba haka ba ya nutse ƙasa, sabulu ya fito rabi gishiri rabi babu. Akwatin katako ya huta, aka koma mazubin silikon mai gida-gida, batun yanka ya ƙare. Bargo ma an daina, tunda sabulun man kwakwa da zafinsa yake zuwa. Kowane giram 1,000 na mai yana ba da sabulu 19 masu nauyin giram 100.

Zubin ƙarshe ya faɗo farkon Nuwamba. Man kwakwa yana daskarewa ƙasa da digiri 24, don haka da safe sai an tsoma jarkar cikin ruwan ɗumi. Wasu sabulan sun yi farin toka-toka a sama, aka goge da ɗanyen ƙyalle. Busasshiyar iskar hunturu ta yi wa aikin rana, babu wanda ya yi zufa, ƙura ce kawai ta sa aka lulluɓe su da mayafi marar kauri a kan katako. Na farko sun samu wajen mako goma suna shan iska, na ƙarshe bakwai, kuma bambancin yana fitowa a kumfa: tsofaffin sun fi laushi. Wannan sabulu ya fi daɗi idan ya yi wata uku ko fiye.

A jikin kowace takarda an rubuta kayan haɗi da ranar zubi, da gargaɗin kada a sa wa jariri, ko a kan rauni, faso ko sabon aski, domin gishiri na da raɗaɗi. Mata da dama sun tambaya ko yana sa haske. Amsar Gwaggo ɗaya ce, sabulun wanka ne, ba ya sauya launin kowa, ba kuma magani ba ne. Na ji daɗin tsayawarta a kan haka, don da ta ce e, da cinikin ya fi haka.

Ribar ba ta taka kara ta karya ba. Man kwakwa daga nesa yake zuwa Kano, ga asarar zubin farko, ga kuɗin mazubi da sikeli. Man alayyadi ɗan'uwan man kwakwa ne wajen yawan lorik, ya kuma fi araha, don haka gwaji na gaba shi ne a maye rabin man kwakwa da shi a ga ko warinsa zai danne sandal. Shagunan da suka nemi ta kawo musu kuma sai sun jira, domin sabulun wanka yana cikin kayan da sai da rajistar NAFDAC ake sa su a kanti, ita kuma yanzu ta fara tambayar yadda ake yi. A halin yanzu ba ta karɓar aikin sabulun gishiri sai an ba ta wata uku, ba ta zuba shi a Yuli da Agusta, kuma duk turaren da ba ya cikin littafin sai ya bi ta kofi ya yi mako shida. Mata biyu da suka zo da gaggawar biki sun ji sharuɗɗan sun tafi wani wuri, ta uku ta bar kwalbar turarenta ta ce a gwada.